Dogo Ya Miƙe, Saura Hali

Gabatarwa

Tun daga watan Yulin 2016, lokacin da aka buɗe layin dogo na zamani tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna, mahukuntan Najeriya ba su da abin tinƙaho a fannin sufuri kamar jirgin ƙasa. An ƙidaya mana kilomita 186 na wannan layi, an faɗa mana dala miliyan 500 da aka ranto daga bankin Exim na ƙasar Sin domin gina shi, an nuna mana taragai masu sanyi da tashoshi masu ɗaukar ido. Daga baya aka buɗe layin Itakpe zuwa Warri a 2020, da na Legas zuwa Ibadan a 2021, a wannan shekarar kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Duk wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, to bai yi wa gaskiya adalci ba. Sai dai a cikin dukkan lissafin da ake karanto mana akwai abu guda da ba a taɓa ɗora shi a kan sikeli ba, wato halin mutanen da aka damƙa wa wannan dukiya, aka kuma damƙa musu rayukan masu hawa.

Mu matasan yau, waɗanda muka buɗe ido muka tarar da tsohon layin dogo ya zama wurin shanya da kasuwar 'yan tireda, mun fi kowa haƙƙin yin tambaya, domin mu za mu biya bashin da aka ciwo, mu kuma za mu gaji abin da aka gina. Iyayenmu sun ga jirgi da ransa, sun kuma ga suman da ya yi. A 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11, amma bayan shekara goma adadin bai kai rabin haka ba. Yaƙin basasa da yaɗuwar titunan mota da durƙushewar noman gyaɗa duk sun taka rawa, babu mai musun wannan. To amma ƙarfen da ya iso Kano a 1911 bai gudu ba, yana nan kwance inda aka shimfiɗa shi. Abin da ya riga ƙarfe lalacewa shi ne riƙon da aka yi masa.

Matsayin wannan maƙala shi ne: halin ma'aikacin jirgin ƙasa sashe ne na ginin layin dogo, daidai da gada da ƙusa da tsakuwar da ƙarfe yake kwance a kai. Gina shi ake yi da gangan, kula da shi ake yi kullum, in kuwa aka yi masa riƙon sakainar kashi sai ya yi tsatsa. Akwai rukuni uku na mutane da ke kauce wa wannan gaskiya, kowanne ta tasa hanyar: masu cewa na'ura za ta gyara komai, da masu cewa yunwa ta wanke kowa daga laifi, da masu cewa bulala kaɗai ta wadatar. Da su ukun nake jayayya.

Aikin da ido ba ya gani

Kafin a shiga jayayyar, ya kamata mai karatu ya gane abin da ya raba jirgin ƙasa da sauran ababen hawa. Direban mota yana da sitiyari. In ya hango rami ya kauce, in saniya ta gitta ya taka birki. Direban jirgin ƙasa ba shi da wannan gata. Ba ya iya karkata dama ko hagu, inda layi ya nufa can zai nufa, kuma jirgin da ya ɗauki gudu yakan yi tafiyar ɗaruruwan mitoci bayan an ja birki kafin ya tsaya, saboda nauyinsa da kuma santsin ƙarfe a kan ƙarfe. Sa'ad da direba ya hango haɗari da idonsa, sau da yawa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ransa da na duk wanda ke bayansa yana hannun mutanen da ba ya gani, wasunsu ma bai taɓa jin sunansu ba.

Akwai leburan da ke bin layi da ƙafa cikin rana da raɓa yana neman ƙusar da ta saki ko ƙarfen da ya tsage. Akwai mai sauya layi a tasha, wanda hannunsa ke zaɓa wa jirgi hanyar da zai bi. Akwai mai ba da alamar tsayawa ko wucewa, da mai duba ƙafafun tarago da birki kafin tashi, da mai tsaron mararrabar da titin mota ya ƙetare layi, da mai zuba wa inji mai. Kowane ɗayansu zai iya cika takarda ya sa hannu cewa ya duba, alhali yana gindin bishiya yana gyangyaɗi. Zai iya yin haka kwana ɗari babu abin da ya faru, a rana ta ɗari da ɗaya sai a kwashi gawarwaki.

Bahaushe yana da suna ga abin da ke hana mutum sa hannu a kan abin da bai duba ba alhali babu mai kallonsa. Sunansa amana. Masanin nan Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya jero gaskiya da amana a cikin siffofin da ake auna mutum da su, tare da haƙuri da hankali da kunya da mutunci da adalci. A wasu sana'o'in rashin waɗannan siffofi asarar kuɗi yake jawowa. A aikin jirgin ƙasa da rai ake biya.

Ƙasar Girka ta ɗanɗani wannan a daren 28 ga Fabrairun 2023. Shugaban tashar Larissa ya tura jirgin fasinja a kan layin da jirgin kaya ke tahowa, suka yi taho-mu-gama a kusa da Tempi, mutum 57 suka halaka, da yawansu ɗalibai. Hannun mutum ɗaya ya sauya layin, amma bayan wannan hannu akwai waɗanda suka ɗora mutumin da bai goge ba a kan babbar tasha, da waɗanda suka bar kwangilar na'urorin tsaro tana jan ƙafa shekara da shekaru, da waɗanda suka toshe kunne daga gargaɗin ƙungiyoyin ma'aikata. Sarƙa ce ta amana, kuma ba a wuri ɗaya ta tsinke ba.

Masu jiran na'ura

Rukuni na farko su ne masu ganin cewa tunda mutum ya lalace, a kawo na'ura ta maye gurbinsa. Hujjarsu tana da daɗin ji: kwamfuta ba ta karɓar na goro, ba ta da ƙanen mata, ba ta san ɗan wane ba. Mun kuwa gwada wannan magani, mun ga iyakarsa.

Duk wanda ya san layin Abuja zuwa Kaduna a shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi titin mota ya san yadda tikiti ya zama zinariya. Jaridu sun sha kawo rahoton yadda akan ce tikiti ya ƙare a gaban kanta, sannan a same shi a hannun 'yan cuwa-cuwa a bakin tasha da ninkin kuɗinsa. Tikiti ba shi da ƙafa. In ya fita daga ofis ya isa hannun ɗan bumburutu, to wani ne ya miƙa shi. A watan Janairun 2021 gwamnati ta ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet, tana mai cewa hakan zai kawo ƙarshen cuwa-cuwar. An sami sauƙi, gaskiya ne, amma koke-koke ba su yanke ba. Wanda ya saba ɓoye tikitin takarda sai ya koyi kwashe gurabe a kwamfuta, wanda kuma ya kasa wannan sai ya koma shigar da fasinja ta bayan fage. A 2023 sai da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta dakatar da wasu ma'aikatanta, bayan yaɗuwar wani bidiyo da ya nuna ana ciniki da fasinjoji a kan hawa jirgin Legas zuwa Ibadan ba tare da tikitin hukuma ba. Na'urar tana nan lafiyarta lau, an dai zagaye ta ne.

Haka kuma a watan Maris na 2022 jirgin wannan layi na Legas zuwa Ibadan ya tsaya cak da fasinjoji a daji saboda mai ya ƙare. Sabon inji ne, a kan sabon layin da bai cika shekara da buɗewa ba. Ko mene ne bayanin da aka bayar daga baya, tambayar tana nan a tsaye: wane ne aikinsa ya tabbatar da cewa akwai isasshen mai kafin jirgi ya tashi, kuma ya tabbatar ɗin?

Ba ina kushe na'ura ba ne. Tana rage kuskure, tana ajiye shaida, tana ƙuntata wa ɓarawo hanya. Amma mutum ke sayo ta, mutum ke kunna ta, mutum ke gyara ta, mutum kuma ke iya zare mata waya ya ce ta lalace. Wanda ya ɗora na'ura a kan ruɓaɓɓen hali kamar wanda ya sa ƙofar ƙarfe ne a bangon da gara ta cinye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangare kuwa bai damu da kyan ƙofa ba.

Masu uzurin yunwa

Rukuni na biyu sun fi na farko tausayi, shi ya sa maganarsu ta fi haɗari. Suna cewa: ta yaya za ka nemi gaskiya daga mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata? Ka ciyar da shi tukuna, sannan ka yi masa wa'azi.

Rabin wannan magana gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa sun daɗe suna kuka a kan ƙarancin albashi, har ta kai su ga yajin aikin gargaɗi na kwana uku a watan Nuwamban 2021, wanda ya tsayar da jirage a faɗin ƙasa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe kuwa labarin wahalarsu a kan fansho sananne ne. Matashin ma'aikaci da ya ga dattijon da ya yi shekara talatin yana bin layi ya ƙare da bin ofisoshi da sanda yana neman haƙƙinsa, ya koyi darasin da babu wani taron bita da zai goge masa: cewa gaskiya ba ta biyan kuɗin magani. Hukumar da ke damƙa wa mutum injin miliyoyin daloli sannan ta biya shi abin da ba zai sayi buhun shinkafa biyu ba, ita ma ta ci amana, kuma ita ta fara.

To amma daga nan zuwa cewa yunwa ta halatta ha'inci akwai rami mai zurfi. Da farko, wannan uzuri cin mutunci ne ga ɗimbin ma'aikatan da suke karɓar wannan albashin dai, suke cikin wannan matsin dai, amma ba su taɓa sa hannu a abin da ba nasu ba. Da talauci ne ke haifar da sata, da babu talaka mai gaskiya, alhali kowa ya san masu gaskiya sun fi yawa a cikin talakawa. Na biyu, wa ake zalunta? Wanda ake ninka wa kuɗin tikiti ɗalibi ne mai komawa makaranta, ko tsohuwa mai zuwa asibiti, ko ƙaramin ma'aikaci ɗan'uwan mai ninkawar. Mai hali bai damu da ƙarin 'yan dubbai ba. Talaka ne ake fasa wa tafiya. Na uku, manyan ɓarayin dukiyar jama'a ba mayunwata ba ne. Tirelolin da jami'an tsaro ke kamawa maƙare da ƙarafan layin dogo da aka kwance, leburan da ke neman na tuwo ba shi da kuɗin hayarsu.

Tarihin reluwe da kansa ya nuna mana hanyar da ma'aikacin da aka zalunta yake bi ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba. Michael Imoudu, jagoran ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, ya yi fito-na-fito da Turawan mulkin mallaka a kan albashi da yanayin aiki, har suka kore shi suka tsare shi a 1943. Da aka sake shi a 1945 sai ya shiga sahun gaba a yajin aikin gama-gari da aka fara a watan Yunin wannan shekara, wanda ya ɗauki fiye da kwana 40, ya kuma tilasta wa gwamnati kafa kwamitin da ya amince da ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Waɗancan ma'aikata su ma yunwa suke ji. Sun ajiye aiki da rana tsaka, sun fuskanci wanda ya tauye su ido da ido. Ma'aikacin da ya huce haushin hukuma a kan aljihun fasinja ya bar jaki yana dukan taiki.

Masu kiran bulala

Rukuni na uku su ne waɗanda da zarar an ji labarin wata ɓarna sai su ce a kori kowa, a ɗaure kowa, ai a zamanin Turawa ba a yin haka. Su ma suna da ɗan abin kamawa, domin laifin da ba a hukunta shi yakan zama al'ada. Amma akwai kurakurai biyu a cikin maganarsu.

Na farko shi ne zinariyar da suke shafa wa zamanin da. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka gina tsakanin 1907 da 1911, da aikin tilas aka gina mafi yawansa. Talakawa aka riƙa ɗiba daga ƙauyuka ta hannun masu sarauta. Ma'aikacin gida kuma ya daɗe yana karɓar abin da bai kai ƙurar albashin Bature ba. Bayan an mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta a 1955, aka kuma sami 'yancin kai, ba a daɗe ba zarge-zargen almundahana da son kai suka dabaibaye ta, har gwamnatin soja ta kafa kwamitin bincike a kanta bayan juyin mulkin 1966. A ƙarshen shekarun 1970 sai da aka ɗauko ƙwararru daga Indiya su riƙe mana ita na wasu shekaru. Ciwon tsoho ne, ba yaran yau suka ƙirƙiro shi ba. Abin koyi daga wancan zamani shi ne horo da kiyaye lokaci da alfahari da sana'a, waɗanda dattawan Kafanchan da Zariya da Minna da Nguru suke ba da labari har yau, kuma tarbiyyar aiki ce ta haifar da su, yaro yana koyo a hannun babba shekara da shekaru.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa tsoro yana haifar da gaskiya. Japan, wadda duniya ke misali da jiragenta, ta koyi akasin haka da jini. Ranar 25 ga Afrilun 2005, wani direba ɗan shekara 23 ya zarce wurin tsayawa a wata tasha, jirginsa ya makara da kimanin minti ɗaya da rabi. Kamfaninsa yana da wani horo na wulaƙanci da ake yi wa duk wanda ya yi kuskure, shi kuma ya taɓa ɗanɗana shi. Sai ya roƙi abokin aikinsa ya rage girman kuskuren a rahoto, hankalinsa ya rabu, ya shiga kwanar da iyakar gudunta kilomita 70 ne a awa da gudun kilomita 116. Jirgin ya kauce ya daki wani bene a Amagasaki, mutum 107 suka mutu, har da shi. Wurin aikin da ake yi wa mai kuskure tsirara a bainar jama'a, kowa zai koyi ɓoye kuskurensa, kuskuren da aka ɓoye a layin dogo kuwa kabari ne da aka haƙa aka rufe da ciyawa.

Sannan bulalar da suke kira, a bayan wa take sauka? Kullum a bayan mai duba tikiti da mai gadin ƙofa. A Indiya, a watan Nuwamban 1956, jirgi ya faɗa kogi a Ariyalur, fiye da mutum 140 suka rasu. Ministan jiragen ƙasa na lokacin, Lal Bahadur Shastri, bai tuƙa jirgin ba, bai gina gadar ba, amma ya ajiye muƙaminsa domin abin ya faru a ƙarƙashin kulawarsa. Wannan bai kashe shi a siyasa ba, shi ne ya zama firaminista a 1964. Mu kuwa, an dasa nakiya a layin Abuja zuwa Kaduna a watan Oktoban 2021, gargaɗi ƙarara, sannan ranar 28 ga Maris 2022 'yan ta'adda suka tare jirgi a kusa da Katari, suka kashe mutane, suka kwashi wasu da dama zuwa daji, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba. Manya sun yi ta nuna wa juna yatsa, amma babu wanda kunya ta sa ya sauka daga kujerarsa. Ƙaramin ma'aikaci yana kallo, yana kuma ɗaukar darasi.

Rabon fasinja a cikin laifin

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cuwa-cuwa ciniki ce, ciniki kuwa sai da mai saye. Fasinjan da ya iso a makare ya cusa wa ma'aikaci kuɗi a tafin hannu don ya tsallake layi, da mai muƙamin da ya buga waya a ajiye wa iyalinsa kujeru alhali wasu sun yi sammako, da wanda ya ga ana kwance ƙarfen layi a bayan gidansa ya ja bakinsa ya yi shiru, duk suna da hannu a cikin tarbiyyar da ma'aikacin ya samu. Mafi muni shi ne yadda muke yi wa mai gaskiya. Ma'aikacin da ya ƙi karɓar na goro mukan ce ba shi da kirki, wanda ya yi ritaya babu gidan kansa mukan ce bai yi wayo ba, danginsa ma su ce an ba shi dama ya yi barci. Al'ummar da ke yi wa mai amana dariya ba ta da bakin kuka ranar da aka ci tata amanar.

Yadda ake gina hali

Dokoki ba su ne muka rasa ba. Sashe na 23 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ɗa'a da riƙon gaskiya da martabar aiki a cikin ɗabi'un ƙasa, jadawali na biyar kuma ya haramta wa ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta a kan aikin da aka ɗauke shi ya yi. Akwai hukumar ICPC tun 2000, akwai SERVICOM tun 2004. Abin da ya rage shi ne a ɗauki hali a matsayin aiki mai kasafi da ma'auni, kamar yadda ake ɗaukar gyaran gada.

Matakin farko ƙofar shiga ce. Wanda ya sayi gurbin aiki da kuɗi, ko ya shigo da takardar wani babba, ya san tun ranar farko cewa cancanta ba ta da daraja a wurin, kuma zai nemi mayar da jarinsa. Tun ran gini tun ran zane. A ɗauki ma'aikata da jarrabawa a fili, a horar da su a cibiyoyin da muke da su, irin su Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya da aka kafa a 1986 da Jami'ar Sufuri ta Daura, sannan a haɗa kowane sabon shiga da gogaggen dattijo mai kyakkyawan tarihi, domin hali a aikace ake gadonsa.

Na biyu, a biya ma'aikaci abin da ya dace da nauyin rayukan da ke wuyansa, a kan lokaci, a kuma biya tsoho fanshonsa ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Ƙasar da ta iya ranto ɗaruruwan miliyoyin daloli don ƙarfe ba ta da hujjar cewa ta kasa ciyar da mai tsaron ƙarfen.

Na uku, a raba kuskure da ha'inci. Wanda ya yi kuskure ya kawo rahoton kansa a saurare shi, a gyara tsarin da ya ba da ƙofar kuskuren, kada a tozarta shi. Wanda kuwa ya sa hannu a kan abin da bai duba ba, ko ya sayar da abin da ba nasa ba, a hukunta shi a fili, kuma hukuncin ya fara daga bene kafin ya sauko ƙasa. Dokar 2022 ta ba hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ikon bincikar haɗarin jirgin ƙasa. A riƙa buga sakamakon kowane bincike kowa ya karanta. Wanda ya tona asirin ɓarna kuma a kare shi daga canjin wurin aiki na ramuwa.

Na huɗu, a girmama mai gaskiya da abin da ido ke gani. Leburan da ya gano tsagewar ƙarfe ya tsayar da jirgi, da mai shara da ta mayar da jakar kuɗin da fasinja ya manta, su ne ya kamata ƙarin girma ya fara samu, a kira sunansu a gaban abokan aikinsu, domin na baya su san cewa gaskiya ma tana da riba.

Kammalawa

A watan Maris na 2023 an gyara kundin tsarin mulki, aka ba jihohi ikon gina layin dogo da gudanar da shi. Nan gaba kaɗan za a haifi sababbin hukumomi, za a ɗauki dubban matasa aiki, yawancinsu sa'o'ina ne, jirgi kuma zai ratsa Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi. Al'adar da waɗannan matasa suka tarar a shekarunsu na farko ita za su miƙa wa na bayansu, mai kyau ko mummuna, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka sake zuba kuɗi a kan ƙarfe aka bar mutum a hannun sa'a, to 'ya'yanmu za su yi shanya a kan layin da muke alfahari da shi a yau, kamar yadda muka tarar ana yi a kan na kakanninmu, bashin kuma yana nan a wuyansu.

Kirana ga mahukunta shi ne su sa ma'aikaci a cikin lissafin gini tun daga takardar farko. Kirana ga fasinja shi ne ya mayar da kuɗinsa aljihu ya bi layi. Kirana ga ɗan'uwana matashi da zai sa rigar aikin reluwe kuwa shi ne ya tuna cewa duk takardar da ya sa wa hannu, akwai uwa da jaririnta a cikin tarago na uku da suka dogara da wannan sa hannun, ba su san shi ba, ba kuma za su taɓa gode masa ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana.